Kafin Ka Sa Kuɗinka a Gidan Boling

Ɗana, mahaifiyarka ta ce tun da ka dawo daga Dubai ba ka da magana sai ta buɗe gidan wasan boling a Kano, har ka fara tambayar nawa za a sayi gonar gado. To zauna. Shekara 11 na yi ina gyaran injuna a irin wannan gida a Jidda, can bayan bango, inda masu wasa ba sa leƙawa.

Kai fitilu ka gani da sanyin daɗi, da mutane suna shewa in ƙwallo ta zubar da kwalaben katakon nan goma gaba ɗaya. Ni kuwa injin na sani, wanda ke share kwalaben da suka faɗi, ya jera wasu, ya maido da ƙwallo ta ƙarƙashin daɓe. Kowane layin wasa da nasa injin. Kamfanonin AMF da Brunswick na Amurka suka baza su a shekarun 1950, kafin nan yara ake biya suna jerawa da hannu. Tsofaffin injunan suna nan har yau, kuma su dillali zai fara nuna maka, don sun fi araha.

Maigidanmu, Allah ya jiƙansa, irinsu ya saya guda takwas. Ana jajibirin ƙaramar Sallah uku suka tsaya cak, saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba. Mako biyar muna jiran a aiko shi daga waje. Ga mutane sun cika gida da 'ya'yansu, ga ni kwance ƙarƙashin inji ina ciro na wannan in sa wa wancan, maigidan kuma yana bakin ƙofa yana mayar wa mutane kuɗinsu. Saboda haka ka samo makaniki tun kafin ka samo inji, ka kuma sayo kayan gyara tare da shi. Da ni ne kai, injuna masu igiya zan ɗauka, waɗanda kowace kwalba ke ɗaure ta ka, inji ya janye ta ya sauke. Ƙarafansu kaɗan ne, ba su shan wuta sosai, kuma hukumar boling ta Amurka ta yarda a yi gasa da su tun 2023. Gwanaye na ƙorafin cewa faɗuwar kwalaben ta ɗan bambanta. Gwanaye nawa gare ka a Kano?

Sai gini. Daga inda ake sakin ƙwallo zuwa kwalbar farko ƙafa 60 ne, ga ƙafa 15 na ɗaukar gudu, ga wurin inji. Ka ƙaddara kusan ƙafa 90 kafin ka ajiye kujera ko ɗaya, kuma ginshiƙi ɗaya a inda bai dace ba ya cinye maka layi. Ana shafa wa layin wani mai na musamman. Ka san abin da ƙurar hunturu za ta yi in ta sauka kan mai, don haka dole ƙofofi su kasance a rufe, na'urar sanyaya ɗaki na aiki, janareta na shan dizal ko da mutum biyu ne a ciki.

Nan lissafin yake. Kowa ya iya ƙirga cinikin ranar Sallah. Ni ranar Talata da hantsi nake so ka ƙirga mini: wa zai zo? A Jidda abin da ya riƙe mu shi ne abinci da lemo, hayar takalmin wasa, ɗaliban makaranta da ake kawowa da rana, da daren azumi bayan tarawihi. Ka ware wa iyali da mata lokacinsu, ka sayi ƙwallo marasa nauyi da yawa, don mai kilo 7 ba kowane hannu ke ɗaukarta ba.

Ban ce ka fasa ba. Akwai irin waɗannan gidaje a Abuja da Legas. Je ka nemi aiki a ɗaya na wata uku, ka riƙa rubuta yawan mutanen da ke shigowa kowace sa'a da litar man da ake ƙonawa. Ka kawo mini littafin mu duba tare. Kafin nan, don Allah, ka bar gonar nan yadda take.