Ranar da na kai yarana Gidan Makama

Shekara ashirin da biyu na yi a Kano kafin neman abinci ya kawo ni Sabo a Ibadan, amma ban taɓa shiga Gidan Makama ba. Sau nawa na wuce ta gabansa a kan keke, ina ganinsa kamar kowane tsohon gini na ƙasa.

Abin da ya kai ni shi ne tambayar ƙaramar 'yata. Ta dawo daga makaranta an koya musu labarin Oyo da Ife, sai ta ce, "Baba, mu ma muna da irin wannan?" Na buɗe baki, na rasa abin faɗa ban da sunan Bayajidda. Kunya ta kama ni.

Da muka je gida hutun Sallah, na kwashe su muka tafi. Gidan yana kusa da fadar Sarkin Kano. An ce a nan Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya gina Gidan Rumfa, shi da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun yi amfani da shi a matsayin ofis, daga baya aka mayar da shi gidan tarihi.

Da shigarmu zaure sanyi ya buge mu, alhali rana na ƙuna a waje. Yarana da suka tashi cikin gidan bulo da fanka suka tsaya suna kallon azara da bakan gizo, suna mamakin yadda ƙasa ta riƙe rufi tsawon zamani. Muka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, da sulke da lifidi na mayaƙa, da ɗakin amarya da jerensa. Nan 'yata ta ce, "Irin kwanukan Hajiya Kaka!" Sai na gane cewa abin da muka bari a gida mun ɗauka tarkace, shi ake adanawa a nan.

'Yan uwa mazauna kudu, idan kun je gida bana, ku rage yini ɗaya daga zagayen gaisuwa ku kai yara. Kada ku jira su tambaye ku kamar yadda aka tambaye ni.