Kakar Ƙwallo da 'Yan Makarantar Soja

A zamanin ƙuruciyarmu, a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kakar ƙwallo ba ta bin kalandar kowa sai ta gona. Sai an karya masara, an tsinke auduga an kai Funtuwa, hunturu ya fara busa leɓe, sannan filin firamare ke komawa hannun samari. A share kaikayi da ƙaya, a kafa gwangwala biyu a ɗaura igiya a sama, a ja layi da toka. Mutanen Ƙanƙara kuwa da farar ƙasarsu suke ja, suna ta cika baki a kai.

Abin da ke ƙara wa kakar gishiri shi ne dawowar 'yan makarantun kwana hutun Disamba, musamman ɗan da ya samu shiga Makarantar Soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1954. Ba su da yawa, gari guda da ƙyar a samu ɗaya, shi ya sa ake rububinsa. Da ganinsa ka san shi: aski ƙwal, ƙirji a buɗe, kambas fari tas ya sha alli, alhali mu ƙafa ce tsirara da faso. A gaskiya ba duka ne suka iya murza leda ba. Wani in ya ɗauki ƙwallo sai ta faɗa gonar rogo. Amma ba ya gajiya, ba ya gardama da alƙali, kuma shi zai tashe mu da asuba mu zagaya gari a guje muna haki, tsofaffi masu fitowa masallaci suna tambaya ko lafiya. Wanda ya wuce makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna kuwa, sai dai a sa masa kujera a inuwa ya ba da kofi.

Lokacin duk muna Jihar Kaduna, kafin a yanke Katsina a 1987, don haka zuciyarmu na wajen DIC Bees, ƙungiyar masana'antar tsaro da daga baya ta zama Ranchers Bees. Rediyon Kaduna ke kawo mana ita. Da yaran Najeriya suka ciwo kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a Sin a 1985, kowane ɗan firamare ya ga kamar gobe shi ne.

Ranar wasan waje ita ce sallarmu. A yi karo-karo a ɗauki shatar a-kori-kura, a cika ta maƙil har da makaɗi da mai rake, a bi ta Sheme zuwa 'Yankara ko Mairuwa. In an ci mu, a ce iska ce. In mun ci, masu gida su rantse mun binne laya a raga. Duk da haka sai sun kawo mana fura kafin mu juyo. Mukan dawo bayan isha'i, fitila ɗaya ke ci a motar, babu mai waiwayen daji.

Tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, iyaye ba sa sakin yaro ya bi wannan hanya saboda ƙwallo. Sojojin da ake gani a kanta yanzu a shingen bincike suke tsaye.