Daren da Na Zama Ciyaman

Azumin 1999 ya faɗo cikin hunturu, 'yan watanni bayan sojoji sun miƙa mulki. Da goma ga wata ta yi muka fara tashe, yaran unguwa suka naɗa ni ciyaman saboda na fi kowa iya tafiyar ƙasaita. Na cusa matashin kai a ciki, na saci babbar rigar Baba tana jan ƙasa, wani yaro na biye da ni da jakar leda cike da tsofaffin takardu, wai kasafin kuɗi. Duk gidan da muka shiga sai in yi gyaran murya in yi alkawarin rijiyar burtsatse. In aka ce yaushe, in shafa tumbi in ce ana kan nazari. Mata su yi ta shewa, su zuba mana gero.

Wani dare muka ci karo da kansilanmu a ƙofar gidansa, yana shan shayi da jama'arsa bayan tarawi. Gabana ya faɗi. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe ciyaman, a ci gaba mana." Na yi, murya na rawa. Ya yi dariyar yaƙe, ya miƙo naira ashirin. Ba shi da yadda zai yi, maƙwabtan da suka zaɓe shi suna zaune, kuma kowa ya san wace rijiya ake nufi. Ni dai na sha bulala a gida saboda rigar.

Daga baya habaicin ya koma rediyo, inda sojojin baka ke baje koli a shirin Kowane Gauta na Freedom. Yanzu kuwa ya shige waya, yaro ɗaya ya kwaikwayi ciyaman a TikTok, kafin asuba dubbai sun gani. Murya ta yi nisa, ban musa ba. Sai dai waɗanda ake yi dominsu ba sa wurin. Yawancinsu sun tare a birni, sun ɗauki 'yan midiya suna mayar musu da martani a Facebook, abin ya zama zage-zage, maganar rijiya ta bi ruwa.

Wani lokacin ma martanin ya wuce zage-zage: a Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta sa aka yi wa wasu matasa biyu bulala ashirin-ashirin, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamna.