Wutar da Ba Ta Barin Toka

A gidanmu na gado da ke Aboabo, nan Kumasi, iyali 5 ne muke kewaye da tsakar gida ɗaya. Duk wanda ya tashi a Zango ya san ma'anar wannan: famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, ƙananan maganganu kuwa ba adadi. Amma da zarar hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan sallar isha'i sai a ajiye gaba, mu hallara inda Baba yake shimfiɗa tabarmarsa, a hura wuta, a ɗora shayi, a yi ta hira har dare ya raba. Mutanen Bawku da Tamale sukan yi mana dariya, wai Kumasi ba ta san sanyi ba. To, su zo su faɗa wa tsohon da ya haura 80.

Da can itace muke hurawa. Sai tari ya sa Baba gaba, likita ya ce lallai ya nisanci hayaƙi. Da labari ya kai ga ƙanenmu da ke zaune a Bronx, can Amurka, sai a ƙarshen 2019 ya auno mana wani murhun jin ɗumi mai aiki da gas. Kasko ne na ƙarfe mai faɗin faranti babba, da zobe mai ƙananan huji a tsakiya, an rufe zoben da wasu duwatsu marasa nauyi masu ramuka kamar soso, irin waɗanda dutse mai aman wuta yake fitarwa. Ba a girki a kansa, aikinsa ɗumi kawai. Kawu ya zagaya shi sau biyu, ya ce, "Ikon Allah! Wato mutanen Amurka har jin ɗumi ma sai sun saya a tukunya."

Bakinsa bai dace da tukwanenmu na nan ba, domin nasu murɗawa ake yi, namu kuwa kifa regileta ake yi a danna. Muka kira mai gyaran murhun gas ya sauya kan, muka sayo tukunya mai kilo 14.5, aka kunna. Gaskiya mun ji daɗinsa. Ba hayaƙi, ba fifita, ba hawaye, tarin Baba ya lafa. Abin da ya fi burge mata shi ne da safe babu tokar kwashewa.

Ashe nan gizo yake saƙar. Wutar itace ita take tuna maka da kanta: duk wadda shara ta faɗo kanta dole ta kwashe toka, ta gyara duwatsun murhu, ta ga abin da ya lalace. Wannan kuwa sai a murɗa ta mutu, a tashi a bar ta tsaf kamar ba a taɓa kunnawa ba. Tun da ba ta ɓata wuri, ba ta shiga layin aikin kowa ba. Da hunturu na biyu ya wuce muka tura murhun jikin katanga, ba rufi, tukunyar tana haɗe da shi. Damina biyu ta Kumasi, babba da ƙarama, duk a kansa suka ƙare. Kowa yana wucewa ta gabansa kullum, kowa yana zaton wani zai kula.

Daren wata Alhamis cikin Disamba 2021 aka jawo shi. Yaya ya buɗe gas, ya danna maɓallin tartsatsi, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Maimakon ya rufe, sai ya bar shi a buɗe ya ce a kawo ashana. Kafin yaro ya je ɗaki ya dawo, an ɗauki kamar minti guda. Mun ji wari, kuma babu wanda bai ji ba, amma muka ce ai haka gas yake. Ana ƙyasta ashanar sai muka ji "fuu!" Wuta ba sama ta yi ba, ƙasa ta bi, ta shimfiɗu kan siminti kamar an watsa ruwa, ta lashi gefen tabarmar Baba, daidai inda jikarsa 'yar shekara 4 ta tashi ba da jimawa ba. Mu maza kowa ya yi ta kansa, ba ma jin kunyar faɗa. Hajiya ce ta nufi tukunyar ta kashe ta, sannan ta take tabarmar da silifa.

Sai da aka haska fitila muka ga wani abu: an ɗora ƙaton dutse a kan regileta. Mai karatu ya san wannan dabara, don babu unguwar da ba a yin ta. In regileta ya fara huci, sai a danne shi da dutse ko turmi a ci gaba da harka. Wa ya ɗora? Har yau ba a samu mai shi ba.

Washegari mai gyara ya zo, ya ce a kawo tabarma, buroshin haƙori tsoho, da kofin ruwan sabulu. Da farko ya cire tukunyar ya kai ta nesa. Ya kwashe duwatsun ya zube, sai ga ƙasan kaskon cike da laka da ganye, hujin da ruwa ya kamata ya bi ya fita ya toshe, tsatsa ta fara cin zoben. Daga nan ya kwance bututun da ke kai gas cikin zoben, ya ɗaga shi saitin rana ya ce, "Alhaji, leƙa nan." Yaya ya leƙa bai ga haske ba. Ya zura siririyar waya, sai ga yanar gizo-gizo dunƙule kamar auduga, da ɗan ginin zanzaro. Ya ce waɗannan ƙwari suna son irin wannan rami, kuma a nan ne gas yake haɗuwa da iska kafin ya kama. In hanyar ta toshe, sai gas ya komo baya ya fito ta ƙasa.

Abin da ya sa wutar ta bi siminti kuwa, gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi. Ba ya tashi ya watse kamar hayaƙi, kwanciya yake yi a ƙasa, ya nemi kwari da lungu da bakin kwata, ya jira. Mu kuma a ƙasa muke zama. Warin nan ma, in ji shi, ba na gas ba ne, shi ba ya da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya yi gargaɗi. Wato an yi mana sallama, mu ne muka ƙi amsawa.

Ya goge hujin zoben ɗaya bayan ɗaya da buroshi, ya hana Kawu da ya ɗauko ƙusa zai taya shi, ya ce in hujin ya faɗaɗa wutar ta lalace ke nan. Ya sauya batirin maɓalli, wanda ya riga ya zubar da ruwa. Ya lanƙwasa tiyo, sai ga tsaga-tsaga kamar kaushin ƙafa, ya yar. Hucin regileta kuwa, wani ɗan zoben roba ne a bakin tukunya ya mutu, abin da bai kai kuɗin koko da ƙosai ba. Wannan ne aka yi wa maganin dutse. Bayan ya haɗa komai ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, ya buɗe gas, muka durƙusa muna kallo. Wuri ɗaya ya yi kumfa, ya ƙara ɗaurewa, ya sake shafawa, shiru.

Cikin duwatsun ya tsince tsakuwa kusan cikin hannu biyu, wadda yara suka ɗebo daga tarin masu gini don su ƙara wa murhu kyau. Ya ce dutsen da ya sha ruwa in ya ji wuta yana iya fashewa ya yi tsalle, kuma ido yake nema. Ko nasa na asali, in an wanke sai sun bushe sarai a rana kafin a mayar, kuma kada a tula su har su danne hujin.

Da aka kunna sai muka ga bambanci. Gindin wutar shuɗi, samanta ja-ja, ba baƙi a jikin duwatsu. A hunturun baya ta koma ja gaba ɗaya tana lilo, tana baƙanta komai, mu kuwa muna cewa ta fi kyau haka. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abin da ya fi damunmu shi ne ba jahilci ba ne. Dukanmu mun ga hotunan Atomic Junction a Accra, ranar 7 ga Oktoba 2017, lokacin da tashar gas ta yi bindiga, mutum 7 suka rasu, fiye da 100 suka ji rauni. Mun yi salati, mun zagi sakacin wasu, a wannan tsakar gidan. Ba mu shafa wa gemunmu ruwa ba.

Da yamma aka zauna shari'a. Yaya ya ce aikin mata ne tun da murhu ne. Mata suka ce murhun da ba a ɗora masa tukunya ba murhunsu ba ne. Kawu ya ce a sayar a koma itace. Baba ya bari kowa ya gama, sannan ya ce, "Wanda ya kunna shi ne mai wuta. In ba za ka iya durƙusawa da kofin sabulu ba, kada ka taɓa maɓallin." Aka kuma yanke cewa in an tashi a kashe daga tukunya tukuna, in hunturu ya wuce a raba su, a rufe murhun da tamfol, tukunyar ta zauna a tsaye a inuwa inda iska ke ratsawa.

Sau ɗaya kawai muka saɓa wa Baba. Wani dare da sanyi ya tsananta ya ce a shigar masa da shi ɗaki. Hajiya ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ka manta waɗanda suka kwana da kurfoti a ɗaki a rufe, ba su farka ba? Wannan ma haka yake." Ya yi ƙunƙuni, aka ƙara masa bargo.

Mun sayo masa sabuwar tabarma a Kejetia. Ya karɓa, ya sa albarka, ya naɗe ta ya tura ƙarƙashin gado. Tsohuwar yake shimfiɗawa, kuma kullum sai ya juya ƙonannen gefen ya fuskanci wanda zai kunna.