Bin Sawun Ruwa a Kalifoniya

Hazo ne ya tarbe mu a San Faransisko, wanda ke tasowa daga teku ya lulluɓe gadar Golden Gate har sai kawunan jajayen ginshiƙanta kaɗai ake hange. Lokacin zafi ne, amma sai da rigar sanyi. Ba mu daɗe ba muka nausa gabas, don jihar Kalifoniya ta kusa rabin Najeriya a faɗin ƙasa, kuma abin da ya kawo ni yana can ciki.

Da muka gangara Babban Kwari na tsakiyar jihar, sai zafi ya rufe mu. Gonaki ne iya ganinka: inabi, lemo, tumatir, da itatuwan alimon a jere reras. Kusan kashi 80 cikin 100 na alimon ɗin duniya daga nan yake fitowa. Amma a watannin zafi ko ɗigon ruwan sama ba a cika samu ba. Na tsaya bakin wata gona kusa da Firesno, na duƙa na ga siririn baƙin tiyo yana ɗiga a gindin kowace bishiya. Taku biyu daga nan ƙasa ta bushe ƙamas. Ruwan daga nesa ake jawo shi ta magudanan siminti, ɗaya daga cikinsu ta haura kilomita 700. Sauran kuma daga rijiyoyin burtsatse, waɗanda aka zuƙa har ƙasa ta lotsa da kusan mita 9 a yankin Mendota tsakanin 1925 da 1977. Masu aikin gonar galibi 'yan asalin Meziko ne, sun naɗe fuska da ƙyalle saboda rana. Su ne ƙashin bayan wannan arziki, kuma ba a sa hotonsu a takardun jawo baƙi.

Daga nan muka hau tsaunukan Siyera Nebada, inda ƙanƙara ke taruwa da hunturu ta narke ta shayar da kwarin. A can ne itatuwan sikwaya suke. Na tashi ina ganin babu bishiyar da ta kai kuka kauri, sai ga wadda ake kira Janar Shaman: tsayinta kusan mita 84, kewayen gindinta mita 31, shekarunta sun haura 2,000. Na ɗaga kai har wuya ya gaji, bakina bai iya furta komai ba sai tasbihi. Jikin da yawa daga cikinsu duk tabon gobara ne, kuma wani ma'aikacin gandun dajin ya bayyana mana cewa zafin wuta ne ke buɗe kwanson irinsu, ya kuma share musu ƙasar da za su tsiro. Shi ya sa a yau da gangan ake kunna ƙaramar wuta a dajin.

Mun zagaya ta kudu muka ɓullo bayan tsaunukan, nan kuwa zuciyata ta sosu. Tafkin Owens, wanda jiragen ruwa suka taɓa ratsawa, ya zama farin fili na kanwa da gishiri. A 1913 birnin Los Anjeles ya kammala magudana mai tsawon kilomita 375 ya karkatar da kogin da ke cika shi, kafin 1930 tafkin ya ƙafe. Birni ya bunƙasa, manoman yankin da ƙabilar Payut da suka riga kowa zama a wurin aka bar su da ƙura mai shaƙe ƙirji. An daɗe ana shari'a kafin a tilasta wa birnin ya riƙa jiƙa wani sashe na filin. A ganina an makara ƙwarai.

Kwarin Mutuwa bai yi nisa da nan ba. A wurin da ake kira Badwater mutum yana mita 86 ƙasa da matakin teku, alhali dutsen Whitney mai tsayin mita 4,421 bai kai kilomita 140 daga wurin ba. A wannan kwari aka auna zafin digiri 56.7 a watan Yulin 1913. Mun fito mota da sassafe, muka taka gishirin yana ƙaras-ƙaras, kafin hantsi mun gudu.

Zangonmu na ƙarshe shi ne Indiyo, garin dabino. Nau'in majhul da ake nomawa a nan tsatson 'yan tsiro 11 ne da aka ɗauko daga Maroko a 1927. Da hannu ake barbarar itatuwan, kowane nono kuma an sa masa jaka don kare shi daga tsuntsaye da ƙwari. Na sayi kwali guda na ajiye saboda buɗa-baki. Ruwan da ke raya waɗannan gonaki daga kogin Kolorado ake jawo shi, kogin da jihohi bakwai da ƙasar Meziko ke rabo, har a yawancin shekaru ba ya kaiwa teku.