Taƙi Ɗaya Tsakaninka da Ruwa

Shekarar da na kai bijimin da na gada kasuwar Gujungu na sayar don in sayi kwalekwale, ko riƙon filafili ban iya ba. Iyo kam na iya, irin na yaran ƙauye da suka tashi suna wanka a kududdufi, amma tuƙi ban taɓa yi ba. Mu ba masunta ba ne, manoma ne tun kaka da kakanni. Sai dai gonar shinkafarmu tana can cikin fadama, a hayin wani reshe na Kogin Haɗeja, a nan ƙasar Miga.

Wanda ya zo garinmu da rani zai yi mamakin me manomi zai yi da jirgi, domin a lokacin sai ka naɗe wando ka tsallake reshen nan da ƙafa. Amma da zarar Agusta ta raba, ruwan da ya sauka a ƙasar Kano, ya wuce Tiga da Challawa, ya gangaro ta Wudil da Ringim, a ƙofar gidanmu yake baje kolinsa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, yashi ya cike cikin kogin, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, don haka duk inda ya ga dama nan yake kwana. Daga nan har wata biyu ko fiye, zuwa gona sai da ɗan fito. Ka biya na zuwa, ka biya na dawowa, ka biya na buhun taki. Wata rana ka zauna a bakin ruwa tun hantsi har azahar kana jiran a cika jirgi. Bayan ambaliyar 2020 na ce wannan wahala ta ishe ni, nawa zan saya.

Wajen kafintan da ke haɗa jirage na tarar da iri uku a kife a kan yashi. Akwai ɗan ƙarami mai kamar ƙafa 12, na masunci ɗaya da komarsa. Akwai matsakaici mai ƙafa 16. Sai kuma babban, wanda ya haura ƙafa 25, irin na 'yan fito, da ake loda wa mutane da babura da awaki. Idona bai ko tsaya a kan biyun farko ba. A daren nan na ɗauki biro na yi lissafi: babban zai kwashe mini shinkafa a sawu biyu, ranar kasuwa kuma in yi fito in samu na cefane, cikin damina biyu kuɗin bijimi ya dawo. Lissafin ya fita tsaf a takarda, saboda takarda ba ta da igiyar ruwa.

Dangin mahaifiyata su ne mutanen ruwa. Yayanta, wanda muke kira Kawu, ya yi su tun yana saurayi har ƙarfi ya ƙare, yanzu sai zaman gindin tsamiya da gyaran koma ga yara. Na je masa da labarin ne don ya sa albarka, ba don neman shawara ba. Har da hujjata ta 'yan boko na tafi da ita.

Na ce, "Kawu, ai ko mutanen da can babba suke sassaƙawa. Akwai jirgin da wani makiyayi ya tono a Dufuna, can Yobe, a 1987, yana haƙa rijiya. An ce ya kai shekara 8,000 a ƙasa, kuma tsawonsa ya fi mita 8."

Ya ɗago kai daga komar da yake ɗinki ya ce, "To, madalla. A takardar taku an rubuta cewa shi ne jirginsa na farko?"

Ban samu amsa ba. Ya ce in same shi a bakin ruwa gobe bayan sallar asuba.

Da na zo, ashe ya aro babban jirgin wani ɗan fito, babu kowa a ciki. Ya miƙo mini gorar tuƙi ya ce in kai shi hayi in dawo. Ruwan ma ya fara janyewa a lokacin, ba wani ƙarfi gare shi ba. Na kafa gora na tura, sai kan jirgin ya yi gabas, gindinsa ya yi yamma. Na ruga gaba in gyara, baya ya kuɓuce. Abin da ban sani ba shi ne, babban jirgi idan babu kaya a cikinsa sama-sama yake zama, iska kaɗan ta ishe ta juya shi kamar faifai. Kafin in ankara ruwa ya tafi da ni ya cusa cikin kacala. Na tura ya ƙi, na shiga ruwa na ja ya ƙi, matsattsaku suka samu ƙafafuna suka yi kalaci. Sai da rana ta take sannan wasu samari biyu suka zo suka fitar da mu, ni da jirgin, yara a gaɓa suna ta dariya.

Washegari ya ba ni ɗan ƙaramin nasa na su. Wannan kuma ko zama ban gama yi ba ya kife da ni. Sau uku ina hawa, sau uku ina shan ruwa. Na fito ina tari na ce, "Kawu, kun gani ko? Babban ya fi aminci, ko ba komai ba ya tangaɗi."

Ya ce, "Gaskiya ne, ba ya tangaɗi. Shi ya sa ba ya yi maka gargaɗi, sai ranar da zai yi mai gaba ɗaya. Wancan ya fi ƙarfinka, wannan ya fi wayonka. Zauna in tambaye ka."

Tambayoyi huɗu ya yi mini, kuma har yau su nake maimaita wa duk wanda ya zo mini da zancen sayen jirgi. Na farko, za ka iya jawo shi kan tudu kai kaɗai, ba tare da ka kira kowa ba? Na biyu, idan ya sha ruwa a tsakiyar kogi, za ka iya kwarfe shi da ƙwarya kafin hannunka ya mutu? Na uku, za ka iya juya kansa ya fuskanci igiyar ruwa da filafili ɗaya, kana zaune a inda kake? Da ya zo ta huɗun sai ya ajiye komar.

"Idan ya kife, mutum nawa za ka iya fitarwa? An ce iya ruwa fid da kai. Wannan na fasinja ne, ɗan nan. Mai jirgi ba kansa kaɗai ake tambayarsa ba, a duniya da lahira."

Na sayi matsakaicin, raina bai so ba. Ranar da aka kawo shi, Kawu ya sa aka kafa shi a ruwa, ya buɗe hannunsa ya auna taƙi ɗaya daga leɓen jirgin zuwa ƙasa, ya ja layi da farin fenti a kowane gefe. Ya ce duk ranar da ruwa ya taɓa layin nan, jirgi ya cika, ko da kuwa akwai sauran wurin zama, ko da hakimi ne a gaɓa. Daga baya na karanta cewa manyan jiragen teku ma suna da irin wannan layi a jikinsu. A Ingila sai da wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi shekaru yana faɗa da masu jiragen da ke cika kaya suna hallaka matuƙa, kafin a yi dokar 1876 da ta tilasta zana shi. Kawu bai taɓa jin sunan mutumin ba, ruwa ne ya karantar da su duka biyun.

Shekarar farko koyo kawai na yi. Na koyi zama a baya in bar nauyi a tsakiya. Na koyi cewa ba a tsallaka kogi kai tsaye, sai ka hau sama kaɗan ka bar ruwa ya sauko da kai inda kake so. Na koyi toshe kafa da tsumma da kwalta, da barin jirgi a cikin ruwa lokacin zafi don kada katako ya bushe ya tsage. Na koyi gane inda ruwa ke murɗawa ta yadda ganye ke juyawa a samansa. Duk kuskuren da na yi, jirgin ya kan gaya mini nan take da ɗan tangaɗi, in gyara. Sau biyu ya cika da ruwa, sau biyun ni kaɗai na kwarfe shi na dawo gida.

Sai ga daminar 2022, wadda babu wanda ya gan ta a Jigawa da zai manta. Ruwa ya zo shinkafa ta fara nuna, kullum yana ƙaruwa. Muka shiga da lauje muna yanka a cikin ruwa iya ƙirji, muna ɗorawa a jirgi. A nan ne ƙanƙantar jirgina ta yi mini ciwo, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba. Dami kaɗan sai ruwa ya taɓa layi, in tafi in sauke in dawo. Kwana uku ina safa da marwa, abin da na tsirar bai kai rabi ba, ragowar ruwa ya shanye ina kallo. Na tuna lissafina na takarda. Da babban ne, kuma da na iya shi, watakila da kwana ɗaya ya ishe ni. Na je na faɗa wa Kawu haka cikin ɗacin rai. Bai kare kansa ba, cewa kawai ya yi, "Allah Ya mayar da alheri."

Yammacin rana ta uku, ina shirin sawu na ƙarshe, sai ga mutanen wata 'yar unguwa da ke hayi sun fito bakin ruwa da ƙullin kayansu, ruwa ya shiga ɗakunansu. Ɗan fito yana can wani gari. Na zubar da damin da na ɗora, na ɗauki mata uku da wani dattijo da yara biyu. Na leƙa gefe, ruwa ya kwanta daidai kan layi. A daidai lokacin Gwaggo ta iso, ƙanwar mahaifina, da ƙunshi a ka da akuya a hannu. Ta sa ƙafa ɗaya a jirgi.

Na ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, ya cika. In sauke waɗannan in dawo."

Ta dubi wurin da ya rage a kan katako, wanda kowa yana gani zai ɗauke ta. Ta ce, "Ni za ka bari a nan? Ni da na goya ka a bayan nan? Ga wuri ina gani da idona."

Matan da ke ciki suka sa baki, ai mutum ɗaya ce, ai Allah ne ke tsarewa. A garinmu ba a ce wa gwaggo a'a a gaban mutane. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ko shekara ba a yi ba da abin da ya faru a Bagwai, ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya a hanyarsu ta zuwa Maulidi, kuma tambayar Kawu ta huɗu tana kunnena. Mutum shida ma ban san yadda zan yi da su ba idan aka samu akasi. Na sunkuyar da kai na cire ƙafarta daga jirgin da hannuna, na tura.

A tsakiya, inda ruwan fadama ke karo da na kogi, igiya ta ɗaga mu ta buga. Taƙin nan guda da Kawu ya bar mini ya koma bai fi yatsa biyu ba, har ruwa ya ɗan tsallako ya jiƙa zanin wata. Yaran suka fashe da kuka, dattijon yana ta salati. Na ce kowa ya zauna yadda yake, na juya kan jirgin ya fuskanci ruwan, kamar yadda na yi sau ɗari a lokacin da babu kowa a ciki sai ni. Ya juyu, saboda daidai hannuna yake. Ba zan ce da Gwaggo ta shiga da mun nutse ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na gani da idona shi ne yatsa biyu.

Na koma bayan magariba da tocila a baki, na same ta a kan tudu ta rungume akuyarta, sauro ya gama da ita. Har muka tsallako ba ta ce mini uffan ba. Wata da watanni ina zuwa gaisuwa tana amsawa da ka. Sai da ƙaramar sallah ta zagayo sannan ta aiko mini da tuwo. Har gobe idan an taru a gidan suna ta kan ba da labarin ranar da ɗan wanta ya bar ta a ruwa, ni kuma ba na musu, domin haka aka yi.

Bana na sake zuwa wajen kafintan, na daɗe ina shafa wani mai ƙafa 20. Yanzu ina jin zan iya jawo shi, zan iya kwarfe shi, zan iya juya shi. Tambaya ta huɗun ce har yanzu nake jinjinawa, shi ya sa na dawo gida da gwangwanin farin fenti kawai. Layin nan ya kan dushe duk shekara, kuma ina so in sabunta shi kafin ruwa ya iso.