Ranar da na shiga gidan zane-zane a Legas

A wannan makon zan ɗan ajiye maganar hawan jini da ciwon suga, ko da yake za ku ga ban yi nisa da ita ba.

Kwanakin baya wani taron ƙara wa juna sani na masu harhaɗa magunguna ya kai ni Legas. An tashi taro ranar Alhamis, jirgin da zai dawo da ni Gombe kuma sai Asabar. Niyyata in shiga kasuwar Balogun in yi wa yara tsaraba, in koma masauki in kwanta. Sai wata ƙawata da muka yi jami'a tare, wadda aure ya kai ta can, ta ce sam, akwai inda za ta kai ni a Lekki. Da ta ce gidan baje kolin zane-zane ne sai na yi dariya. Na ce, "Hajiya, ni da na bar kanti da yara uku, zane zan je kallo?" Ta ce in dai shiga mota.

Wurin shi ne Nike Art Gallery, wani farin bene mai hawa-hawa da aka buɗe a 2009. Ba a biyan kuɗin shiga. Mai wurin, Nike Davies-Okundaye, haifaffiyar Ogidi ce a Jihar Kogi, an haife ta a 1951. Ba ta yi zurfi a boko ba. Saƙa da rini ta koya a hannun tsofaffin gidansu, kuma tun 1983 ta buɗe cibiya a Oshogbo inda ake koyar da wannan sana'a kyauta.

Tun daga harabar gidan na fara cin karo da abin da ban saba ba: tsofaffin ƙarafan mota da na babur, irin waɗanda 'yan jari-bola ke saye a kan kilo, an narka an haɗa sun zama dabbobi da mutane. Ciki kuwa babu bangon da aka bari haka nan. Tun daga ƙasa har sama zane ne, wani kan wani, har gefen matakala. Mintuna goma na farko ban ji komai ba sai jiri da kunya, irin kunyar wanda ya shiga walimar da ba a gayyace shi ba. Ina ta neman rubutun da zai gaya mini ma'anar kowane zane, kamar yadda nake karanta takardar da ke cikin kwalin magani. Abin da ke wurin sunan mai zanen ne kawai, wani lokaci da shekara.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai sassaƙe-sassaƙen da na wuce ban tsaya ba. Tarbiyyar da na tashi da ita ba ta bar ni na sake da gumaka ba, hukuncinsu kuma na malamai ne, ba na mai kemis ba. Amma ayyuka da yawa babu siffar mai rai a cikinsu ko ɗaya. Launi ne da layi, da duwatsun ado, da zare, da ƙyalle.

A gaban wani ƙyallen adire na fara nutsuwa. Shuɗi ne mai duhu, an raba shi gida-gida, kowane gida da nasa ado. Wani matashi ma'aikacin wurin ya yi mini bayani: ana dama garin rogo ya yi kauri, a zana shi a kan farin ƙyalle da gashin kaza, in ya bushe a tsoma a rini. Inda kullun ya rufe, rini ba ya kamawa. Nan take na ji na dawo gida, don wannan ilimin namu ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya san ƙyalle ba ya fitowa daga ruwan baba da shuɗi. Kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya juye, saboda sinadarin babar yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa. Mun karanta wannan a aji, mun rubuta a jarrabawa, amma ban taɓa tsayawa na kalle shi a matsayin abu mai kyau ba.

Da matashin ya ji daga Arewa nake, sai ya ce, "Ai Anti, a wajenku aka fara." Ashe a 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Sun ƙi yarda su riƙa kwaikwayon Turawa kaɗai, suka ce sai sun haɗa abin da aka koya musu da adon gargajiyar garuruwansu. Daga nan zanen zamani na Nijeriya ya samu ɗaya daga cikin manyan tushensa. Ya kuma tuna mini da Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan Naira 20. Sau nawa na miƙa wa mutane wannan takarda a matsayin canji ban ko dube ta ba?

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani babban zane ne a hawa na sama. Ja ne da ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon fari, babu mutum babu gida. Na zauna a gabansa. Ban san me mai shi yake nufi ba, ni dai abin da na gani shi ne Gombe a watan Janairu, in hazo ya sauko kan Tudun Wada da yamma, fitilun Keke Napep suna ratsa ƙura. Da na duba agogo, na yi kusan minti ashirin ban taɓa waya ba. Rabon da in yi haka ina farke, wallahi na manta.

A nan ne maganar ta dawo shafinmu. Kusan kullum sai wani ya tsaya a gaban kantina ya ce in ba shi maganin barci, ko na ciwon kan da ba ya jin farasitamol. Mata ne da yawa, masu aiki da 'yan kasuwa da matan gida. In na auna jini wani lokaci ya haura 140 bisa 90, in tura su asibiti. Wani lokaci kuma lafiya lau yake, sai dai in an zauna hira ka gane mutum ya shekara bai samu awa guda tasa ta kansa ba. Maganin barci ba na bayarwa sai da takardar likita, don yana kama jiki. Sau da yawa sai dai in ce "a rage tunani", alhali ni kaina na san wannan ba shawara ba ce.

A birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, a 2018 wata ƙungiyar likitoci ta fara rubuta wa marasa lafiya takardar ziyartar gidan zane-zane kyauta, kamar yadda ake rubuta magani. A 2019 kuma ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoton da ya tattara bincike masu yawa, ya nuna ayyukan fasaha na taimakawa wajen rage damuwa da kaɗaici, da kula da masu ciwon mantuwa. A fahimce ni da kyau: mai hawan jini kada ya ajiye ƙwayarsa ya ce zai je kallon zane. Wanda baƙin ciki ya hana shi ci da barci makonni, likita zai gani. Wannan ƙari ne a kan magani.

Za ku ce ina muka ga irin wannan gida a Gombe? Mai zuwa Abuja zai iya leƙa reshen wannan gidan da ke hanyar filin jirgi. Amma a hanyar dawowa na tuna ɗakin kakata, Allah Ya jiƙanta: jeren ƙore masu zanen wuta, faya-faye masu launi, kwanuka an tsara su har rufi. Mu yara mukan kwanta a tabarma mu yi ta kallo. Har gobe ana sayar da irin ƙoren nan a Babbar Kasuwa, Fulani da Terawa da Wajawa kowa da salon zanensa. Zanen hula da aikin wuyan babbar riga ma haka. Mu ne muka cire su muka sa labule da talabijin.

Akwai kuma laifin da na dawo da shi a wuya. Wata biyu kafin tafiyar na yi wa 'yata mai shekara takwas faɗa sosai don ta cika bayan littafin lissafinta da zane, har na yage shafin. A Legas na sayo mata littafin zane da fensiran launi na yara. Iyaye a kula a nan, kada a ba yaro ragowar fentin gida ko na mota ya yi wasa da shi, don wasunsu na ɗauke da dalma, mai illa ga ƙwaƙwalwar yara.

Da na miƙa mata sai ta ce, "Umma, ba za ki yaga ba?" Na ce ba zan yaga ba. Washegari ta kawo mini zanen kantina, da kwalabe jere a kan kanta, da wata mata a tsaye ta haɗe rai, waya manne a kunnenta. Na tambaye ta wace ce wannan, ta ce ni ce. Na manna shi a bango kusa da na'urar awon jini, kuma tun daga ranar masu zuwa awo sukan tambaye ni wa ya ɓata wa matar rai.